Kafiretar tsohon babur: Ƙaramin ƙarfen da ke lashe albashi a masarautar Gumel

A duk lokacin da ake lissafin abin da cire tallafin man fetur ya jawo wa talaka, farashin lita ake fara ambata, sai kuɗin mota, sai tsadar hatsi. Ba kasafai ake jin an kawo zancen kafireta ba, wannan ƙaramin ƙarfe da bai fi dunƙulen hannu girma ba, wanda ke maƙale tsakanin tankin babur da injinsa. Amma a ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, inda babur ne ƙafar malamin firamare da ma'aikacin lafiya da ɗan kasuwar ƙauye, ita ce ke yanke hukuncin ko litar da aka saya za ta kai mutum wurin aiki ta dawo da shi, ko kuwa za ta ƙare masa a tsakiyar daji.

Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi a jawabinsa na karɓar rantsuwa, farashin lita a hukumance bai kai N200 ba. A wancan lokaci, idan kafireta tana ɗigar da mai ko tana shan fiye da ƙima, mai babur kan kau da kai ya ci gaba da harkarsa. Cikin 'yan kwanaki lita ta haura N500, ta kai N617 a Abuja a watan Yulin shekarar, a Oktoban 2024 kuma ta tsallake N1,000. Farashin ya riƙa hawa da sauka bayan da matatar Dangote ta fara sayar da fetur a Satumban 2024, sai dai bai koma ko kusa da inda ya taso ba. A ɗauki misalin babur ɗin da ke ɓarnatar da rabin lita kacal a rana, a kuma ƙaddara lita a kan N900. Asarar wata guda ta kama N13,500, kusan kashi ɗaya cikin biyar na mafi ƙarancin albashi na N70,000 da aka amince da shi a 2024. Kuɗi ne da ke fita ta salansa ba tare da mai shi ya ga fitarsu ba.

Da a ce hali ya yi, da mutum ya rabu da tsohon babur ya sayi sabo, ya huta. Wannan ƙofa ta rufe makonni biyu bayan cire tallafin, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya sakar wa Naira mara a ranar 14 ga Yunin 2023. Dalar da ake lissafawa a kan kimanin N460 a hukumance ta haura N1,500 a farkon 2024. Da yake babur, ko da a cikin gida aka harhaɗa shi, kayansa daga waje suke zuwa, sabon Boxer ya wuce Naira miliyan ɗaya. Ma'aikacin ƙaramar hukuma zai tara albashinsa na fiye da shekara, bai ci bai sha ba, kafin ya iya tunkarar wannan kuɗi. Dole ta sa ya koma wa tsohon da ke jingine a zaure.

Baburan da birane suka kora

Wanda ya tsaya a bakin kasuwar Maigatari ranar Alhamis zai ga tarihin babur a Najeriya jere a gabansa. Akwai ragowar na Japan, irin su Honda CG125 da Suzuki da Yamaha, waɗanda ma'aikata suka fara mallaka da yawa bayan ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970, zamanin da kamfanin Honda ya kafa masana'antarsa a Ota cikin 1979, Boulos kuma yake harhaɗa Suzuki a Legas. Akwai Jincheng mai hayaƙi, wanda aka kwaikwayo daga Suzuki AX100, wanda ya cika Arewa a farkon wannan jamhuriya lokacin da 'yan siyasa suka mayar da rabon babur kayan yaƙin neman zaɓe. Akwai roba-roba ta malaman makaranta da dattawa. Sai kuma Boxer da TVS na Indiya, waɗanda suka mamaye sana'ar acaɓa saboda jure kaya da ƙarancin shan mai.

Yawancin waɗannan babura ba a Gumel suka fara rayuwa ba. Bayan harin da aka kai wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero a ranar 19 ga Janairun 2013, gwamnatin Rabiu Musa Kwankwaso ta haramta acaɓa a cikin birnin Kano, baburan da suka rasa aiki kuwa ƙauyuka da jihohin maƙwabta suka nufa. Legas ma ta bi sahu a Fabrairun 2020, ta sake tsanantawa a Yunin 2022. Yadda sana'ar ta haɗa Jigawa da Legas ya fito fili tun a ƙarshen Agustan 2019, lokacin da jami'an gwamnatin Legas suka tsare wata babbar mota ɗauke da matasa 123 'yan Jigawa da babura 48. Duk babur ɗin da ya tsira daga kamu a can ya dawo gida, ya dawo ne da gajiyar shekaru a jikinsa. Abin da ya taru a masarautar ke nan: babura na zamani uku ko huɗu, daga ƙasashe uku, kowanne da irin tasa kafiretar.

Aikin kafireta ɗaya ne, wato gauraya iska da fetur daidai gwargwado kafin su shiga inji. Idan fistin ya ja, iska kan bi ta wani maƙogwaro da aka tsuke tsakiyarsa, saurin da take yi a wurin sai ya tsotso fetur daga ɗan kofin da ke ƙasa ta wasu ƙananan kafofi na tagulla da makanikai ke kira jet. Akwai ƙarami mai kula da silo, akwai babba mai aiki idan an ja totur, akwai kuma allura da ke hawa da sauka tana buɗe wa mai hanya. A cikin kofin akwai fulot, wanda ke tasowa idan mai ya cika ya toshe mashigarsa. Gwargwadon da ake nema shi ne kusan ma'auni 15 na iska ga ma'auni 1 na fetur, ta fuskar nauyi. Kafar babban jet a irin waɗannan babura tana kusa da milimita ɗaya, ta ƙaramin kuwa ba ta kai rabin haka ba. Duk tattalin man babur ya rataya ne a kan ramukan da ƙwayar rairayi guda za ta iya toshewa.

Rairayi kuwa shi ne abin da wannan yanki ya fi kowane arziki da shi, sunan jihar ma daga jigawa ya samo asali. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu kan zo da ƙura mai laushi kamar gari, hanyoyin ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa kuma burji ne ko yashi tsagwaronsa. Soson da ke tace iska shi ne katangar farko, amma a tsofaffin babura ko ya ruɓe, ko an maye gurbinsa da guntun katifa, ko an cire shi gaba ɗaya da sunan babur ya ƙara gudu. Ƙurar da ta shige takan goge allura da bangon maƙogwaron sannu a hankali har su saki. Daga nan babu wani juya sukurun silo da zai dawo da lissafin daidai.

Sai kuma man da kansa. A Nuwamban 2019 Hukumar Kwastam, ƙarƙashin Kanar Hameed Ali mai ritaya, ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga kan iyaka, domin daƙile fasa-ƙwauri. Maigatari, wadda ke daf da iyakar, ta faɗa cikin wannan da'ira. An yi dokar ne domin masu tsallaka da tanka, amma wanda ta fi kamawa shi ne mai babur, da ya koma sayen mai a kwalba da galan a hannun 'yan bumburutu. Man da ya kwana a jarka, ya bi ta mazurari a fili cikin iska, yakan ɗebi ƙasa da ruwa, wani lokaci har da gaurayen da mai sayarwa ne kaɗai ya san shi. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka a gindin kofin kafireta yake kwanciya, yana cin ƙarfen har ya yi farin gari. Gidan mai ma bai zama tudun mun tsira ba. A Fabrairun 2022 hukumomi sun amsa cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol daga Beljiyam, sinadarin da ke lalata roba yana kuma cin irin ƙarfen da ake yin kafireta da shi. Masu motoci a Legas da Abuja aka ji kukansu a jaridu.

Wata ɓarnar kuwa a hannun masu gyara take faruwa, da kyakkyawar niyya. Idan jet ya toshe, abin da ya fi saurin zuwa hannun bakanike shi ne silin wayar burki ko allurar ɗinki, ya zura ya sosa. Tagulla ƙarfe ne mai laushi, kowace sosawa tana ƙara wa ramin faɗi. Idan kafar da aka ƙera a kan milimita 0.90 ta koma milimita 1.00, bambancin da ido ba zai gani ba, faɗin hanyar man ya ƙaru da kimanin kashi 23 cikin 100. Babur zai tashi da bugu ɗaya, ya yi ƙara mai daɗi, mai shi ya biya ya tafi yana godiya. Sai bayan mako biyu ya lura fulogi yana yin baƙi, tanki kuma ba ya kai shi inda ya saba kai shi.

Daga Fujian zuwa Fagge

Kafiretocin asali na baburan Japan kamfanoni biyu ne suka fi ƙera su, Keihin da Mikuni. Duniyar da suka yi wa aiki ta juya baya. Sin ta tsananta dokar hayaƙin babura daga Yulin 2019, Indiya ta bi da tata daga 1 ga Afrilun 2020, kuma dokokin biyu sun tura mafi yawan sababbin baburan da ake sayarwa a cikin ƙasashen zuwa tsarin fesa mai da na'ura mai ƙwaƙwalwa ke sarrafawa. Shi kansa Keihin ya narke cikin sabon kamfanin Hitachi Astemo a Janairun 2021. Ba a daina ƙera kafireta ba, domin baburan da ake fitowa da su Afirka har yanzu da ita suke zuwa, kuma garuruwa irin su Fuding a lardin Fujian na Sin sun yi suna a wannan sana'a. Abin da ya sauya shi ne wanda ake ƙera wa. A da mai sayen kafireta kamfanin babur ne da ke auna kowace guda kafin ya karɓa. Yanzu kaso mai yawa na kasuwar ɗan kasuwa ne da ke zuwa da farashinsa a baki, masana'anta kuma ta yi masa kaya daidai kuɗinsa.

Kayan kan sauka a tashoshin jiragen ruwa na Kudu, su bi ta hannun manyan dillalan Legas da Onitsha da kasuwar Nkwo Nnewi ta Jihar Anambra, wadda ta daɗe tana riƙe da ragamar kayan babur a ƙasar nan. Daga can su hau mota zuwa Kano, su watsu a shagunan Fagge da Sabon Gari, kafin mai shago daga Gumel ya yi tafiyar kimanin kilomita 120 ya saro abin da jarinsa ya iya ɗauka. Kowane hannu da ribarsa, kowace tafiya da kuɗin dizal da na shingayen hanya. Kayan da aka sayo a kan Dala 5, a misali, kuɗinsa N2,300 ne a tsohon canji, a kan N1,500 kuwa ya zama N7,500, tun kafin a biya kwastam ko a ɗora shi a mota. Yarjejeniyar musayar kuɗi ta Yuan biliyan 15 da Najeriya ta ƙulla da Sin a 2018, aka kuma sabunta ta a Disambar 2024, an yi ta ne domin rage wa irin wannan ciniki dogaro da Dala, sai dai sai mai takardun banki cikakku ke iya kaiwa gare ta.

Ɗan kasuwa ya san aljihun mai sayensa. Da farashi ya ninka sau uku alhali albashi bai yi haka ba, sai mai shigo da kaya ya sauko da inganci domin kayan su ci gaba da fita. Shi ya sa a shago ɗaya za a nuna wa mutum kafireta kala uku masu kama da juna, a kwali iri ɗaya, wata ma da sunan kamfanin Japan a jikinta. Nauyi da santsin aiki ne kaɗai ke bambanta su ga wanda ya sani. Ta ƙasan takan zo da zaren sukuru mai saurin cinyewa, da fulot da ba ya toshewa sosai, da jet ɗin da lambar da aka buga masa ba ta yi daidai da raminsa ba. Araha ba ta ado, in ji Bahaushe, amma a nan ko mai tsadar ba ta da tabbas, tunda kwali ba shaida ba ne.

Akwai kuma matsalar dacewa, wadda ta fi damun masu tsofaffin babura. Yawancin kafiretocin Sin suna ɗauke da lamba irin su PZ19 da PZ26 da PZ27, lambar kuma faɗin maƙogwaro take nufi a milimita. PZ19 ta ƙananan injuna ce irin na roba-roba, PZ26 ta dangin CG125, PZ27 kuma ta masu ƙarfin 150. Idan wadda ta dace ta yanke a kasuwa, akan ɗaura wadda ke akwai, a cike giɓin da guntun tiyo. Babba a kan ƙaramin inji tana kashe silo ta ƙara shan mai. Lambobin jet ma ba harshe ɗaya suke magana ba: na Keihin faɗin rami suke nunawa, wasu na Mikuni kuwa yawan man da ke wucewa ake aunawa, don haka lamba ɗaya a jikin jet biyu ba ta nufin abu ɗaya. A injin mai hayaƙi irin na Jincheng kuskuren ya fi tsada. Idan mai ya yi ƙaranci a gaurayen, zafi kan yi yawa har fistin ya kama, inji ya buga, gyaran da aka so yi da 'yan dubbai ya koma na dubun-dubata.

Abin takaicin shi ne, sau da yawa gangar jikin tsohuwar kafiretar Japan lafiyarta ƙalau, ta ma fi sabuwar da za a maye gurbinta da ita. Abin da ya mutu a cikinta bai wuce allura da jet da bakin fulot da 'yan robobi ba, kayan da za su shige cikin kwalin ashana. Ana sayar da irin wannan ƙunshi a duniya, yana kuma shigowa Najeriya, amma samun wanda ya dace da tsohon babur a shagon ƙauye sai an dace. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai shago mai ƙaramin jari ba zai kwantar da kuɗinsa a kan ƙunshi iri ashirin da kowanne sai wata-wata ake tambayarsa ba, alhali kafireta sukutum iri uku tana fita kullum da riba mafi kauri. Bakanike ma ya fi son canji, domin minti ashirin ya ishe shi, ga kuma 'yar la'adar da ke tsakaninsa da mai shago. Tsohuwar da aka cire kuwa takan ƙare a buhun 'yan gwangwan a sayar da ita a kan kilo. Kowace da ta shiga tukunyar narka ƙarfe ta tafi ke nan, domin ba a ƙara yin irinta.

Iyaka ta ƙara wa lamarin wani salo. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, Maigatari kuma tana cikin huɗu na farko da aka buɗe a ranar 16 ga Disambar 2020, tare da Seme da Illela da Mfum. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka sake rufe iyakar Nijar, ba a buɗe ba sai a Maris na 2024. Duk lokacin da aka rufe, mai shagon kayan gyara kan rasa masu saye daga Dungas da Magarya da sauran garuruwan Damagaram, sai ya rage saro kaya, kuma abin da ya fara sokewa daga jerin shi ne na tsofaffin babura masu jinkirin fita. Da aka buɗe kuma sai aka tarar Naira ta faɗi warwas a gaban Sefa, wadda ke ɗaure da Yuro, har jaka guda ta haura N2,000. Baƙon da ya zo da Sefa yana ganin araha a inda ɗan gari ke ganin tsada, shi ne kuma ke iya ɗaukar mai kyaun ba tare da dogon ciniki ba. Ba abin zargi ba ne. Ba domin wannan kasuwa ta tsallake ba, da Maigatari ba ta samu yawan kayan da take samu ba tun farko. Amma ma'aikacin da ake biya da Naira ya zama na biyu a layi a kasuwar garinsu.

Wanda ke biyan kuɗin

Ɗan acaɓa da ɗan kasuwa suna da inda za su tura asara. Wanda ke ɗauko buhun riɗi ko zoɓo daga ƙauye zai ƙara kuɗin dako, mai saye a birni ya biya bai san daga ina ƙarin ya fito ba. Ma'aikacin gwamnati ba shi da wannan dama. Malamin da aka tura makarantar da ke nesa da titi, ko jami'in lafiyar da zai kai allurar riga-kafi ruga cikin akwatin sanyi, albashinsa ɗaya ne ko babur ya sha lita ɗaya ko biyu. Abin da yake iya ragewa shi ne yawan zuwa. Ana yawan kokawa da fashin aiki a makarantu da asibitocin karkara, ana kafa kwamitoci, ana barazanar riƙe albashi, kuma lallai akwai masu sakaci da suka cancanci haka. Amma mai binciken da bai tambayi da me ma'aikacin ke zuwa ba, kuma nawa zuwan ke ci masa, ya bar rabin amsar a baya.

A ɓangaren hukuma, an fi mayar da hankali ga abin da ke gaba. Shirin shugaban ƙasa na mayar da ababen hawa masu amfani da iskar gas, wanda aka fara a 2023, motoci da A Daidaita Sahu ya fi dubawa, kuma sai inda ake da tashar gas. Baburan lantarki sun fara bayyana a wasu biranen Kudu, amma mutanen da suka ga yadda Arewa ta shafe kwanaki cikin duhu a ƙarshen Oktoban 2024 suna da hujjar yin jinkiri. Tsarin fesa mai na zamani ya fi kafireta tattali, wannan gaskiya ce, sai dai yana buƙatar batir mai kyau da fetur mai tsabta da na'urar gano matsala, abubuwan da babu su a gindin darbejiyar da ake gyaran babur. Ko da an daina shigo da babur mai kafireta gobe, waɗanda ke kan hanya za su ci gaba da aiki shekaru masu yawa.

Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki tana da tsarin SONCAP tun 2005, wanda ya wajabta tantance kaya tun kafin su baro ƙasar da aka ƙera su. Idan har kafireta mai ɗauke da sunan kamfanin da bai ƙera ta ba tana isowa Gumel cikin kwali, to, a tashar jirgin ruwa aka yi saken. Kai samame kan mai shagon da ya saro dozin guda ba zai gyara komai ba, sai dai ya ƙara wa ragowar tsada. Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi kuwa suna da abin yi da bai kai kuɗin gina aji guda ba. Sukan raba babura ga malaman gona da masu duba makarantu a bainar jama'a, amma ba kasafai ake jin an ware kuɗin kula da su ba. Sayen ƙunshin gyara a dunƙule daga tushe mai tabbas, ta hannun ƙungiyoyin ma'aikata ko na makanikai, zai karya wancan lissafi da ke hana mai shago ajiye su. Horon kwana biyu ga makanikai a kan auna jet, da busa shi da iska maimakon sosa shi da waya, zai tsimi man da ya fi kuɗin horon cikin wata guda. Yankin ciniki maras haraji na Maigatari, da aka kafa tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, an yi shi ne domin irin wannan kasuwa mai fuska biyu, kuma rumbun kayan gyaran babur na gaskiya zai samu masu saye daga ɓangarorin iyakar biyu.

Kafin a kai ga haka, kariyar mai babur tana hannunsa. Wanda ya je kasuwa da tsohuwar kafiretarsa a hannu, aka gwada faɗin baki da tazarar ramukan ƙusa a gabansa, ya fi wanda ya aika da sunan babur kawai. Wanda ya karɓi tsohuwar ya ajiye a gida ya tanadi abin da wata rana zai nema da kuɗi ya rasa, kuma sau da yawa jet ɗinta na asali, idan waya ba ta taɓa shi ba, ya fi wanda ya zo a cikin sabuwar. 'Yar matatar mai da ake sawa a jikin tiyo da wanke soso a kai a kai lokacin hunturu sun fi kowane gyara araha. Fulogi kuma ba ya ƙarya: idan bakinsa ya yi ruwan ƙasa gaurayen ya daidaita, idan ya yi baƙi mai ya yi yawa, idan ya yi fari fat inji na cikin haɗari.

Akwai wani abu da 'yan kasuwar kayan gyara za su iya ara daga maƙwabtansu na kara. A kasuwar shanu ta Maigatari baƙo kan sayi sa na dubban ɗaruruwa a hannun wanda bai taɓa gani ba, saboda akwai dillali da ya tsaya a tsakani, wanda za a nema idan dabbar ta zamo ta sata. A layin kayan babur kuwa ƙa'idar da aka fi sani ita ce, da zarar fetur ya taɓa kafireta ba a karɓar ta. Mai shago yana da uzurinsa, domin shi ma haka aka yi masa a Kano, na Kano kuma haka aka yi masa a Nnewi. Amma ƙungiyar 'yan kasuwa da ke saro kaya da yawa a dunƙule tana da bakin da za ta nemi dillalin Kano ya karɓi abin da ya fito da aibi, ita kuma ta ba mai saye wa'adin mako guda, daga Alhamis zuwa Alhamis, wanda ya isa ya cika tanki ya ga kilomita nawa zai kai shi.